Ruwa Hawa Uku: Abin da Yayana Ya Dame Mu da Shi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya rasu a ƙarshen kakar nan. Mun kai shi makwancinsa bayan Azahar, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gida. Tun daga ranar nake zaune ina karɓar gaisuwa, kuma tun daga ranar nake cike da haushi, domin duk wanda ya zo, da ya gama "Allah ya ji ƙansa, Allah ya ba da haƙuri", sai in ga gefen bakinsa yana motsi.

Liman ne ya fara. Ya yi addu'a mai kyau, ya ce marigayi mutum ne mai tsayar da salla, sannan ya ƙara da cewa, in dai ya samu ya wuce kwatar alwala. Jama'a suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa, don kowa ya san Yaya ya sha rasa raka'ar farko yana tsugune yana kallon yadda ruwan alwala ke jan tsinke. Tsofaffin ɗalibansa sun zo daga Bici da Minjibir, har da waɗanda suka ɗauko mota daga birni. Wani mai furfura a cikinsu ya ce shi abin da ya fi tunawa a ajin Malam shi ne bahon ruwa da ake ajiye musu a tsakiyar aji, a sa su hurawa bi da bi har jiri ya ɗebe su. Cikin gida ma, in ji mai ɗakina, haka ake yi: a yi kuka, a share hawaye, wata ta ce ko an tuna ranar galura, sai ɗaki ya kaure da dariya. Mutum ɗaya ne ban ga haƙorinsa ba, ɗan maƙwabcinmu, magidanci mai 'ya'ya. Kullum sai ya zo ya zauna a ƙarshen tabarma, ya jingina da katanga, hawaye na bin gemunsa.

Na ga in aka bar wa mutanen garin nan, nan gaba kaɗan abin da zai rage na Yaya shi ne labarin ban dariya a majalisar mai shayi. Ban yarda ba. In akwai wanda yake da ikon ƙorafi a kan Yaya, ni ne, don ni na sha wahalarsa tun ina rarrafe. Shi ya sa na ɗauki biro.

Inna, Allah ya ji ƙanta, ta ce tun yana yaro in ta aike shi rafi sai ta aika wani ya nemo shi, a tarar tulun yana gefe babu ko ɗigo, shi kuma yana jefa ƙaiƙayi a ruwa. Da ya girma ya yi karatun malanta a Bici, ya koyar da kimiyya a makarantun ƙauyuka har ya yi ritaya. Ni kuwa na tsaya a gona. Ranar da ya dawo gida gaba ɗaya na yi murna, na ce yanzu zan samu mai kama mini, ga kasonsa na fadama da na shekara da shekaru ina noma masa. Ya dubi gonar, ya ce ta yi kyau, in ci gaba. Washegari ya ɗauki sandarsa ya nufi bakin dam.

Yamma da garinmu ne kogi yake shigowa dam ɗin. Da damina yana zuwa ja wur da ƙarfinsa, da la'asar kuma iska takan taso daga cikin dam ta tare shi gaba da gaba. A wannan wuri igiyar ruwa takan tashi gajejjera, a tsaitsaye, tana tafiya sama alhali kogin gangarowa yake. Nan ne ofishin Yaya. In ana neman sa don suna ko rabon gado ko sulhu, nan ake zuwa.

Abin da ya ɗauke masa hankali bai wuce tambaya ɗaya ba: in igiyar ruwa ta wuce, shi ruwan da ke ƙarƙashinta ina yake zuwa? Na ce masa duk mai ido ya ga inda yake zuwa, yana bin igiyar. Wannan amsa ita ta jawo mini. Ya kama hannuna ya kai ni bakin gonar gero, ya ce in kalli yadda iska ke kwantar da zangarniya tun daga wannan iyaka har waccan, ya tambaye ni ko akwai karan da ya bar raminsa. Na ce babu.

"To haka ruwa yake, Auta," in ji shi. "Igiya baƙuwa ce, wucewa take yi. Ruwa ɗan gari ne."

Auta yake kirana har ya koma ga Allah, ni da nake da jikoki masu aure. Na sha roƙonsa ya daina a gaban surukai, bai daina ba.

Da a nan maganar ta tsaya da sauƙi. Sai ya ce amma ruwa ba sunkuyawa kawai yake kamar gero ba, zagaye yake yi, kamar hannun mai dama fura. In tudun igiyar ya zo ya yi gaba, in kwarinta ya zo ya dawo baya, ya hau ya sauka, kuma ba ya komawa daidai inda ya taso, kullum sai ya saci ɗan taki ya ƙara gaba. Kana yin ƙasa zagayen yana ƙanƙancewa, a can kan yashi kuwa sai dai ya je ya dawo. Wannan a kududdufi ke nan, inda ruwa yake kwance. A bakin dam kuwa, inda kogi ke gudu a ƙarƙashin igiyar, ya ce ruwan hawa uku ne, kuma ya raɗa wa kowanne suna. Na sama 'yan kasuwa, don duk inda iska ta nufa nan suke bi, ko da sama ne. Na ƙasa dattawa, ba ruwansu da iska, gangarawa dam kawai suka sani. Na tsakiya kuwa 'yan siyasa, kullum suna juyi, ana ganin suna aiki, amma suna wuri ɗaya. Na ji wannan bayani a gona, na ji shi a gidan suna, na ji shi a layin asibiti, na ji shi sau ɗaya muna tsaye muna jiran a fito da gawar wani kawunmu.

Kuma bai ce shi ya gano ba. Ya ce duk yana cikin littattafai, masana sun yi lissafinsa. Wani tsohon masunci da yake zama kusa da shi ma ya gaya masa cewa su tun kakanni sun san ruwan sama da na ƙasa ba hanyarsu ɗaya ba, shi ya sa suke ɗaura wa komarsu darma don ta nutse. Na ce to tunda masu boko sun sani, masu kamun kifi sun sani, me ya rage da zai hana shi zuwa ya taya ni shara? Ya ce shi bai gani da idonsa ba tukuna.

Neman ganin nan ne ya ƙarar da kayan gidanmu. Yakan tara robobin lemo, ya zuba musu yashi da ruwa, kowacce da nauyinta, don wata ta tsaya a sama, wata a tsakiya, wata ta kusa taɓa ƙasa, ya ɗaura musu zare da guntun kara don ya ga inda kowacce ta nufa. Da robobi suka gaza ya koma kan ludayi da ƙwarya. Mai ɗakina ta kai ga ɓoye ƙorenta a ƙarƙashin gado in ta ji sallamarsa. 'Yarsa, wadda take aikin jinya a Bici, ta saya masa waya don a riƙa jin lafiyarsa. Ba ya ɗauka in an kira, amma ya cika ta da hoton ruwa, babu ko fuskar jika ɗaya a ciki.

Ranar galura kuwa ga yadda aka yi. Ya ce robobi suna da nauyin kansu, suna yi masa ƙarya, yana son ya ga ruwan kansa. Ya sayo jar galura irin ta masu rini, ya dama, ya samo doguwar mesa, ya zura ta tsakiyar ruwa ya ɗura. A lissafinsa jan zai tsaya wurin 'yan siyasa yana juyi. Yana gama ɗurawa iska ta ɗauke cak. Ruwan gaba ɗaya ya gangara, ya kwashi galurar ya kai ta inda mata suke wanki, ranar Alhamis, ana wanke fararen kayan Juma'a. A ciki har da rawanin mai gari. Ni aka aiko wa, wai ni ne mai hankalin gidan. Na je na durƙusa ina ba da haƙuri, Yaya yana tsaye a bayana hannunsa ja har gwiwa, yana gaya wa mai gari cewa ai abin ya nuna gaskiyar maganarsa, iska ce kawai ta saɓa alkawari. Ni na sayi sabon rawani. Juma'ar nan rabin sahun gaba riguna ja-ja kamar furen kaɗa da yamma, shi kuwa ya shigo da farar rigarsa tas, don matarsa a gida take masa wanki.

Wannan na yafe da wuri. Wanda ya daɗe a raina shi ne na ɗaurin auren 'yata ta fari. Shi ne babba, shi ne waliyyi, shi zai ba da ita. Dangin ango sun taso tun daga Shanono, an shimfiɗa darduma, goro da alewa suna gaban liman, babu Yaya. Ashe a daren an yi ruwa mai yawa a can sama, kogi ya kawo a karon farko a shekarar, ya ce bari ya leƙa ya dawo. Muka zauna har baƙi suka fara duba agogo suna raɗa, wani dattijo a cikinsu ya tambaye ni a hankali ko dai akwai wata magana a gidan da ba a gaya musu ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da aka ɗauko shi a babur, ya shigo da babbar riga a sama, wando jiƙe har cinya, ya zauna ya ba da aure kamar ba a yi komai ba, dardumar tana shan ruwa a ƙarƙashinsa.

Na daina yi masa magana. In mun haɗu a masallaci mu yi musabaha, kowa ya kama gabansa. Matarsa ta zo ta ba ni haƙuri, ta ce ita da take zaune da shi ta koyi ɗora tukunya a makare, ni ma in koya. Ban saurare ta ba. Har aka shiga maimai, noma na biyu. Wata safiya na je gona na tarar da mutum a sunkuye yana noma, Yaya ne, da fartanyar da ya aro. Bai ɗago ba, ban yi magana ba. Na tsaya ina kallo, raina ya fara sanyi, sai na lura ashe ba ya bambance ciyawa da waken da na shuka a tsakanin kunya. Ya sassare mini layi guda. Na ce don Allah Yaya ya ajiye fartanyar nan kafin ya ƙarasa ni. Ya miƙe yana riƙe da ƙugu, ya ce dama jira yake in yi magana, bayansa ya gaji. Haka muka shirya.

Yanzu bari in zo kan ɗan maƙwabcinmu mai kuka a ƙarshen tabarma. Lokacin yana sabon ango. Wata la'asar da damina ya taso daga gona da shanun huɗarsa, ya zo tsallake bakin kogin inda aka saba tsallakewa. Sa ɗaya ya firgita ya yi zurfi, igiya kuwa a naɗe a hannun yaron, ta fizge shi. San ya fita, shi bai fito ba. Ina gonata ta fadama na ji ihu na rugo. Abin da kowa ya gani shi ne malafarsa tana tafiya sama a kan ruwa, iska na kora ta. Jama'a suka bi ta da gudu a gaɓa, masuncin nan ma ya juya kwalekwalensa ya nufe ta. Daga baya ya ce shi ma ya san ba haka ba ne, tsoro ne ya ɗauke masa tunani.

Yaya yana wurin, tunda kullum yana wurin. Ban taɓa sanin yana da murya haka ba.

"Ku bar malafar nan! Mutumin yana ƙasa, ya yi wajen dam!"

Ya faɗa ruwa da rigarsa har ƙirji, tsoho da shi, yana nuna wa masuncin wuri da sanda. Masuncin ya juyo ya yi nutso, ya fito hannu wofi. Yaya ya ce ya ƙara gangarawa, ya bi ƙasa sosai. Ya sake nutsewa, sai ga shi ya taso riƙe da wuyan riga. Aka jawo yaron gaɓa kamar tsumma. Yaya ya durƙusa a kansa yana danna ƙirjinsa yadda aka koya musu tun suna makarantar malanta, yana dannawa yana salati, har yaron ya yi wani irin tari ya amayar da jan ruwa. Mata suka fashe da kuka, maza suna kabbara. Na dubi yayana, jiƙe sharkaf, na ji duk abin da ya taɓa yi mini ya wanke.

Bai bar ni na daɗe a haka ba. Yaron yana buɗe ido, ko sunan uwarsa bai tuna ba, Yaya ya sunkuya ya tambaye shi, da yana ƙasa, ƙafafunsa aka fara ja ko kansa, kuma ya ji ana juya shi ko miƙewa kawai ya yi. Uwar yaron ta iso a daidai lokacin. Ta rasa ko ta gode masa ko ta zage shi, sai ta yi duka biyun. Ni na janye shi da hannuna, yana ta cewa ai in aka bari ya huce zai manta.

A kakar bana ciwo ya kwantar da shi. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere, 'yarsa ta ce zuciya ce, ta kafa doka ko zaure kada ya fita. Ina tsakiyar cirar gyaɗa, ga 'yan aiki a gona, ya aiko wai in zo maza. Na yar da komai na taho a guje, na ɗauka abin ne ya zo. Na tarar da shi zaune a bakin gado da hularsa a kai. Ya ce in kai shi bakin dam a babur, kogi ya kusa ɗaukewa, in ya wuce sai baɗi. Na ce ba zan kai shi ba. Bai yi musu ba, ya sunkuya ya fara lalubar takalminsa, ya ce to zai taka. Matarsa ta dube ni ta kawar da kai. Na fita na tayar da babur ina ta faɗa ni kaɗai.

Ruwan ya sha bamban da na damina, ya lafa, ya yi haske, amma yana gudu, iskar la'asar kuma ta taso. Na zaunar da shi a kan wani kwalekwale da aka kife. Na zaci zai kalla ne ya ƙoshi mu koma. Sai ya ce in tuɓe riga in shiga. Na ce Yaya ya dubi furfurata, ga mutane suna wucewa, ga surukina can a gonarsa.

"Auta, tun muna yara kake musu da ni daga kan tudu," ya ce. "Yau ka shiga ka yi musun daga ciki. Ni ba zan iya ba."

Yadda ya faɗi ƙarshen maganar ne ya sa na cire rigar. Na shiga har ruwa ya kawo mini wuya, na tsaya na rufe ido yadda ya ce. Da fari sanyi kawai na ji. Can sai na ji duk igiyar da ta zo tana tura kafaɗuna wajen kogi, ta saki, ta sake turawa. Ƙwaurina kuwa wani abu yana jansu wajen dam, a hankali, ba ya saki ko kaɗan. A tsakani, wajen cibiya, zariyar wandona tana kaɗawa gaba da baya, tana naɗewa tana warwarewa, ba ta bi kowa ba. Na daɗe a tsaye.

Ya ɗaga murya iya ƙarfinsa ya ce, "To?"

Na ce, "Da sanyi."

"Ban da sanyi fa?"

"Akwai laka."

"Ƙafafunka ina suke son zuwa?"

"Gida," na ce.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na fito a guje na riƙe shi. Da ya samu numfashi ya ce taurin kaina na Baba ne, amma ya ga fuskata, ya ishe shi. A hanyar komawa ya rungume ƙuguna ya kwantar da kansa a bayana, ba nauyi, kamar na goyo yaro. Ya ɗauko bayanin tun daga gonar gero, yana yi yana hutawa. Na rage gudu don ya samu ya kai ƙarshe kafin mu isa gida.

'Yarsa tana tsaye a ƙofa. Ko kallon ubanta ba ta yi ba, ni ta tsare, ta ce ita ta ɗauka Baffa ne mai hankalin gidan. Na kwana da zazzaɓi, mura ta kama ni, gyaɗata ta kwana a gona awaki suka yi ta'adi. Bai ƙara fita ba. Ranar da muka sallace shi ina sahun gaba ina ta tari, liman yana jira in lafa kafin ya yi kabbara.

Allah ya ji ƙan Yaya, ya yafe masa kurakuransa, ni dai na yafe nawa, har da waken. Allah ya haskaka kabarinsa, ya ba matarsa da 'yarsa haƙuri, ya shayar da shi daga tafkin Alkausara. In ya isa bakin tafkin, ya Allah, ka sa ya sha ya wuce, akwai mutane a bayansa.